Saniyar da Ta Gaji Sunan Uwarta

Maraƙin ya zo da rai, amma ƙafafunsa na gaba a lanƙwashe suke. Sau uku yana yunƙurin tashi yana kifewa a kan ciyawa. Sawe ya tsuguna yana shafa gwiwoyin. Maraƙi na uku ke nan da ya zo haka a bana, kuma duk a gidajen da shi ya yi wa shanunsu allurar barbara.

Shekara goma sha tara yana wannan sana'a a ƙauyukan Kapsabet, da tulun sanyi na irin bijimai ɗaure a bayan babur. Allura kam kowa zai iya koyonta cikin wata guda. Abin da ya sa ake kiransa shi ne ya san uban kowace saniya, ba zai taɓa zuba wa 'ya irin ubanta ba.

Tsohuwa Tabarno, mai saniyar, tana tsaye a kansa da goran mursik, kindirmon mutanen yankin.

"Ɗan nan, shafar ce za ta miƙar da shi?"

"Iya, irin ba shi da laifi. Wannan bijimin ne ya ba Lelmet kyakkyawar karsana shekara huɗu da suka wuce. Yana nan a kwamfuta."

"Wace Lelmet ɗin?"

"Taki mana."

"Waccan ai kumburin ciki ya kashe ta tun bara waccan. Wannan ita ce karsanar da kake yabo. Uwa ta mutu, 'ya ta ɗauki suna, ko a gidanku ba haka ake yi ba?"

Haka ake yi. Sawe ya dubi saniyar. Ke nan irin ubanta ya zuba mata. Shanu sama da dubu biyu yake bi, duk baƙi da fari, ya daɗe da daina riƙe fuskokinsu. Ko mursik ɗin da aka miƙo masa bai karɓa ba, ya hau babur.

A shago ya tarar da matarsa Jerotich, wadda ita ke shigar da bayanan tun ranar da suka ajiye littattafai.

"Ni da hannuna na canza wa karsanar suna," in ji ta. "Tsaya ka gani."

Ta buga sunan. Lelmet ɗaya ce ta fito, mai shekara goma sha ɗaya, ubanta wani bijimi daban. Shafin karsanar babu shi. Ashe kwamfutar ba ta riƙe suna ɗaya sau biyu a gida ɗaya. Sai ta riƙe tsohon shafi, ta zubar da sabon.

"Ba ta nuna miki komai ba?"

"Ta rubuta an adana. Kullum haka take rubutawa."

"To, wanda kike kwafewa duk Juma'a fa?"

Ta ciro 'yar ma'ajiyar daga aljihun tebur ta soka a kwamfutar. Duk Juma'a sabon kwafi ke hawa kan na baya, don haka giɓin da ke can shi ne a nan. Littattafan kuwa gara ta cinye su tun tuni, babu wanda ya damu a lokacin.

"Guda nawa kika canza wa suna haka?"

"Haba Baban Kimutai, shekara shida fa. Duk wanda saniyarsa ta mutu ko ya sayar. Ina zan tuna?" Ta rage murya. "Babu wanda ya sani sai mu. In ka yi shiru, za a ce daga irin ne."

Ya san gaskiya ta faɗa, za a ce. Ya kuma san akwai shanun da ke yawo da irin wannan cikin yanzu haka a gonakin mutane, bai san ko biyar ba ne ko hamsin.

Wayarsa ta yi ƙara. Busienei ne, dattijon da ya fara ba shi aiki tun babur ɗin na aro ne.

"Likitan shanu, saniyata Tuimet tana ta kukan neman bijimi tun asuba. In ka wuce la'asar sai bayan mako uku, kada ka tsaya shan shayi."

Jerotich ta riga ta buɗe shafin Tuimet. Komai cike, tsaf.

"Baba, wannan Tuimet ɗin, ta asalin ce ko 'yarta?"

"Jikarta ce ma. Yau kuma ni kake tambaya? Ina akwatin naka da ya san komai?"

Jerotich ta girgiza masa kai. Sawe ya juya mata baya.

"Ban san ubanta ba, Baba. Bayanin ya ɓace, kuma ba nata kaɗai ba. Ba zan taɓa ta ba yau."



"To," in ji Busienei, "bari in kira mai allura na garin Mosoriot." Ya kashe.

Sawe ya fita ya kwance tulun daga babur, ya shigo da shi ya ajiye a lungu. Ya tsallaka titi ya sayo littafin rubutu mai kauri da biro biyu, don ya bi gida-gida ya sake rubuta asalin kowace saniya.

"Gida ɗari shida ne," in ji Jerotich daga bakin ƙofa. "Kafin ka kai na goma, duk kasuwa ta ji."

"Na sani."

Ya nufi gidan Tabarno, don ita ya kamata ta fara ji.