Mayafi Ruwan Hanta

Kowa a Gauraka ya san ba a taɓa ni a kwana lafiya. Shinkafa da wake nake sayarwa a bakin titin Kaduna, kusa da masu faci, kuma direban da ya ce naman da na sa masa ya yi ƙanƙanta zai ji abin da ba a taɓa gaya masa ba a gidansu. Sunana Fatsuma, amma Maman Ismail ake kirana. A Iku muke haya, ni da autata Sumayya, tun da mahaifinsu ya rasu, Ismail kuma ya tafi Fatakwal neman na kansa.

Sumayya akwai surutu. A wani shagon atamfa take aiki a Abuja, kuma in ta dawo da yamma tun daga ƙofar gida nake jin muryarta. Ta kwaikwayi Hajiyar da ta sa aka sauke mata rabin shago ta tafi ba ta sayi ko ƙyalle ba, ta kwaikwayi kwandasta, ta kwaikwaye ni kaina ina faɗa da mai gawayi. Nakan ce mata, "Ke don Allah rufe mini baki in ji da gajiyata." Yau da ana sayar da wannan surutun, da na ba da rumfata da tukwanena na saya.

A ƙarshen damina, wata rana hadari ya taso, ta shiga motar da ba ta tasha ba. Mutanen da ke ciki ba fasinjoji ba ne. Washegari wasu manoma suka tsince ta a bayan dutsen Zuma suka kai ta asibiti. Sau ɗaya zan faɗa ba zan maimaita ba: fyaɗe aka yi wa 'yata.

Ranar da za a sallame mu, wata nas Bayarabiya, Sista Mojisola, ta zo da leda ta zaro wani mayafi na zaren ulu, saƙar hannu, ruwan hanta da ratsin ruwan ƙwai a baki. Ta yafa wa Sumayya a kafaɗa. Ta ce wasu mata ne a cikin gari suke saƙawa kyauta saboda 'yan matan da irin wannan ta samu, ba su san su ba, ba kuma sa tambayar suna. Sumayya da ko ruwa sai an lallaɓa ta take sha, ta kama bakin mayafin ta damƙe.

Muka dawo gida, na ce wa maƙwabta taifot ne. Ta daina aiki, ta daina fita, ta daina magana sai "e" da "a'a". Ɗaki ɗaya muke kwana amma kewarta nake ji kamar tana wata ƙasa. In na dawo daga Gauraka nakan ɗan tsaya a ƙofar gida, wai ko zan ji muryar nan, sai in ji rediyon maƙwabta kawai. Mayafin kuwa ba ta rabuwa da shi. Da shi take salla, da shi take kwanciya, in na wanke tana zaune tana kallon igiya har ya bushe. Matar da ta saƙa shi, ko wace ce, ta sha addu'a a bakina.

Da sanyi ya kusa wucewa, wata safiya ina lissafin cefane a fili, sai na ji ta ce, "Umma, kawo in sayo miki tattasan." Na yi kamar ban ji daɗi ba don kada in firgita ta. Na miƙa mata kwando, ta yafa mayafinta ta fita. Ina leƙenta ta kafar ƙyaure har ta sha kwana, ina ta murna ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ba ta daɗe ba ta dawo, babu kwando, babu tattasai. Mayafin yana dunƙule a hannunta. Ta cusa shi ƙarƙashin katifa ta juya wa bango fuska. Sai bayan la'asar na samu ta faɗa mini, shi ma da ƙyar. Mai tattasai ce ta dubi mayafin, ta kama hannunta, ta ce, "Allah sarki 'yar nan, ke ma? Allah ya saka miki." Ta ƙi karɓar kuɗi. Matan da ke gefe duk suka waiwayo.

"Ta yaya ta sani?" na ce.

"Duka iri ɗaya ne, Umma. Kowa ya san na su wane ne, mu ne kawai ba mu sani ba."

Daga ranar ko "e" ɗin ma ya yi wuya. Da can tana zama a tsakar gida ta sha hantsi, yanzu ko bakin ƙofar ɗaki ba ta zuwa.

Ban sha wahalar gano masu saƙar ba, tunda ashe sun cika gari da labarin kansu. Ran Asabar suke haɗuwa a gidan Hajiya Rabi'a, tsohuwar hedimasta, a cikin gari. Na rufe rumfa da wuri na hau keke, ina tafe ina jera maganganun da zan yayyafa musu.

Na same su a baranda kan tabarmi, mata sun fi goma, kowace da kwarashi da ƙullin zare a cinya. Akwai matan gari, akwai matan ma'aikatan Abuja, har da wata mai gicciye a wuya. Komai ruwan hanta ne, a hannu, a kwando, a kan igiya. Na yi sallama don dai ni Musulma ce, ban zauna ba.

"Wace ce mai dabarar a yi su kala ɗaya?"

Hajiya Rabi'a ta sauke tabarau. "Baiwar Allah, zauna mana a kawo miki ruwa. Shawara ce ta mu duka. Anko muka fitar."

"Anko. Biki ake yi?"

"Ba biki ba. Mun ce duk yarinyar da ta ga wata da irinsa za ta san ba ita kaɗai ba ce. Kin san mu a garin nan, suna, walima, sauka, in ba a fitar da anko ba kamar ba a yi abin tare ba. Har ƙuri'a muka yi a kan kalar."

"Sai kuma kuka ɗauki hoto kuka watsa a waya."

"Don a taimaka da zare ne," in ji wata yarinya daga gefe. "Mun sa a gurup-gurup, an yi sanarwa a Islamiyya da coci. Mutane sun yi ƙoƙari sosai."

"Sun yi ƙoƙari kam. Har mai tattasai ta haddace." Na ba su labarin, na ce 'yar maƙwabciyata ce. Na ce yarinyar da ta yi wata da watanni tana tara ƙarfin zuwa kasuwa, mayafinku ya yi mata shela a gaban jama'a. Na ce ku da kuka iya anko, kun manta amfaninsa shi ne a gane 'yan biki daga nesa? Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba, har da tabaran Hajiya ban bari ba.

Na shirya a rama, don na fi iya faɗa da mai ramawa. Ba wadda ta rama. Hajiya Rabi'a ta ajiye kwarashinta, ta ce, "Innalillahi. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba." Yarinyar waya ta fara hawaye. Wata ta ce daga yau a canza, kowace ta saƙa kalar da ta ga dama, aka ce haka za a yi.

"Waɗanda kuka riga kuka bayar fa?" na ce. "Yarinyar nan ba wani take so ba, wannan take so. Shi ne abu na farko da ta riƙe."

Ni ma faɗan ya ƙare mini, sai na zauna a bakin tabarma. Kusa da ni kwando ne cike da waɗanda aka gama. Ban san lokacin da na zaro ɗaya na yafa ba.

"To tunda anko ne, ni zan sa," na ce. "Kowa ya kalle ni ya yi zaton abin da zai yi."

Hajiya ta ce, "Baiwar Allah, za a yi da ke a gari."

"An daɗe ana yi da ni."

Wata ta ce ita maigidanta ba zai yarda ba, wata ta ce tana da 'yan mata da ba su yi aure ba, kada a ja musu magana. Ban ga laifinsu ba, ko da yake na harare su. Sai wata tsohuwa da ke can ƙarshe, Iya Yalwa, wadda tun zuwana ba ta ɗaga kai daga saƙarta ba, ta miƙo hannu.

"Miƙo mini ɗaya, 'yar nan," ta ce. "Ni tun ina budurwa ya kamata a ba ni nawa."

Ba wadda ta tambaye ta komai. Aka miƙa mata, ta yafa, ta ci gaba da saƙa.

Ran Litinin na fita da shi Gauraka. Lokacin zafi ya fara kamawa, ga wutar murhu, ga ulu a wuya. Na yi zufa har ta shiga idona. Masu faci suka yi tsit da na wuce. Onwuka mai sayar da kayan gyaran mota, wanda kullum sai mun yi cacar baki a kan miya, ya karɓi kwanonsa da hannu biyu ya ce, "Mama, sorry o. Allah zai kama shi." Wata mai sayar da ayaba ta zo ta raɗa mini, "Yaushe abin ya faru?" Na ce mata ayabarta ta fara baƙi, ta je ta kula da ita. Wasu matan suka daina zama a bencina. Ismail ya bugo daga Fatakwal, wai an ce masa kaza da kaza, na ce ya yi aikin da ya kai shi.

Ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba. Ni da nake kallon mutum ido cikin ido, sai ga shi ana sunkuyar da kai in na zo, ana yi mini magana a hankali kamar mara lafiya. Kwana biyu na ɗanɗana na ji kamar in tuɓe in jefa a murhu. Nan na gane abin da yarinyata ta haɗiya a gaban mai tattasai, ita da abin ya faru da ita da gaske.

Sannu a hankali na fara ganin ruwan hanta a gari. Iya Yalwa ta je da nata wani suna. Hajiya Rabi'a ta sa nata zuwa Islamiyya, an ce har da ɗaurin ɗankwali mai tsayi. Sista Mojisola takan ɗora nata a kan yunifom in ta tashi aiki. Ba su da yawa, kuma gulma ba ta mutu ba, sai dai ta rikice. Ran Asabar nakan je in zauna da su, ina koyon kwarashi, ina saƙa abin da Iya Yalwa ta ce ya fi kama da ragar kifi.

A gida ban ce wa Sumayya komai ba. Tana ganina ina fita da shi ina dawowa da shi jiƙe, ina shanyawa. Tana kallo, ba ta tambaya. Ni kuma kullum ina tsayawa a ƙofar gida in saurara kafin in shiga.

Wata safiya ina ɗaure bakin kula, na ji motsi a bayana. Tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru saboda rashin ganin rana.

"Umma, in sun tambaye ki me kike ce musu?"

"Ba na cewa komai."

"Kin bar su suna zaton ke ce."

"Na bar su."

Ta kalli wuyana. "Duk ƙuraje sun feso miki."

"Zafi ne. Zai wuce."

Ta koma ciki. Na ci gaba da ɗaurin da na riga na gama, ina kwancewa ina sake ɗaurewa. Da ta fito, nata yana kafaɗarta, duk ya yamutse da zaman ƙarƙashin katifa. Ta sunkuya ta ɗauki ƙaramar kular miya.

"Bakin titi kawai zan raka ki. Kina hawa keke zan dawo."

"To," na ce.

Muka fito tare. Matar mai gidan da muke haya tana shara, ta dube ni, ta dube ta, ta ce, "A dawo lafiya," muka ce Allah ya sa. Sumayya tana bin gefen kwata, kanta a ƙasa, kafaɗarta tana gogar tawa. Da muka wuce mai ƙosai ta ce a hankali, "Har yanzu matar nan ba ta canza man suyarta ba." Na yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar.

Daga gidanmu zuwa titi ba nisa. Muna isa keke ya tsaya, babu kowa a ciki.

"Gauraka, Hajiya?"

"Wuce, ka cika," na ce.

Ya waiwaya ya dubi kujerunsa, ya dube ni, ya ja abinsa. Wani ya zo, shi ma na ce ya cika. Shinkafa tana hucewa, na san masu faci suna can suna zagina da yunwa. Sumayya ta ga sarai ba kowa a kekunan. Ta sauya wa kular hannu, ta gyara tsayuwa kusa da ni.