Maganin Kainji

Ranar da na ɗaga tabarmar Inna zan kakkaɓe, na ga ƙwayoyin maganinta a ƙasa, wallahi sai da na zauna daɓas. Goma sha ɗaya. Ashe kullum in na miƙa mata bayan kalaci, hannu kawai take kai wa baki ta kora da ruwan banza, ni kuwa sakarai ina tsaye ina cewa sannu Inna.

Ni ce Hafsatu, babbar 'yarta, mai bandar kifi a kasuwar Yelwa, kuma kowa ya san ba a ba ni haƙuri ba. Likita ya gaya mana ƙarara: ciwon jini ne, fararen ƙwayoyin jininta suna ta hayayyafa sun ƙi tsayawa, shi ya sa saifarta ta kumbura. In tana shan ƙwaya ɗaya kullum, za ta iya yin shekaru tare da mu. In ta bari, ciwon zai juye, kuma juyin ba ya da kyau. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa ta da Allah. Abin da ta ce kawai, "Ba ni sha."

Sai na kira Yasira, autarmu. Shekara ashirin ke nan tana bincike a kan abin da ido ba ya gani. Ta fara a Zariya, ta tafi Turai, yanzu tana da ɗakin bincikenta a wata jami'a a kudu. Ana ce mata Dakta, amma ko zazzaɓi ba ta dubawa, kuma har yau ba ta iya gyaran tarwaɗa ba. Ita ta nemo maganin, ita ta yi ta magana da likitan Inna a waya da Turancinsu. Na ce mata, "Ki zo ki ji da uwarki, ni ta fi ƙarfina."

Washegari bayan la'asar ta iso. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta zauna a gefen tabarma, ta kama mata ƙafa tana matsawa. Ni da ni ce da tuni na fara surfa bala'i. Ita kuwa sai da ta tambayi lafiyar awaki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Inna, me maganin ya yi miki? Tashin zuciya yake sa ki?"

Inna ta juya fuska bango. "Ku bar ni in tahi da mutuncina. Ba ni shan maganin Kainji."

Muka kalli juna.

"Wane Kainji kuma, Inna?" in ji Yasira.

"Kunnena na ji. Kina waya da likita, Kainji, Kainji. Sun cinye muna gari, sun cinye min ɗiya, yanzu kuma in buɗe baki su ba ni rai? Na gode."

Duk wanda ya san Inna ya san wannan ciwon ya girmi na jinin. A kan gungu aka haife ta, tsibiri a tsakiyar kogi. Tana da shekara goma sha biyu aka datse ruwa a Kainji, aka kwashe su a kwale-kwale zuwa sababbin gidaje a bakin gaɓa wajen Wara. Kabarin mahaifiyarta aka bari can. Har yau in za mu haye tafkin, wajen nan take rufe fuska da gyale.

Yasira ta saki ƙafar. Ta ce, "Inna, ba Kainji nake cewa ba. Kaines. Sunan wani abu ne a jikin mutum. Shi nake bincike a kai."

"Ran da kinka dawo daga Zariya kinka ce kin samu aikin da za ki yi har tsuhwa, mi kinka ce min?"

"Kaines na ce."

Ni ma na tuna ranar. Yarinya ta zo da murnarta, Inna ta tashi ta tafi juya kifi a kan banda. Mun ɗauka hayaƙi ne ya sa mata hawaye. Da Yasira ta tafi Turai kuwa, Inna cewa ta yi a ranta ai Turawa suka gina dam ɗin, can ne gidan iyayen gidanta. Kai, wannan tsohuwa da zurfin ciki! Shekara ashirin, ba ta tambayi kowa ba.

Dariya ta taso min, kuka ya riga ta.

Yasira ta matso. "Inna, kin san mai buɗe wa fangalin shinkafa ruwa a fadamar Shanga? Ya buɗe in ana so, ya toshe in ya isa. To a cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai masu irin wannan aikin, sun fi iri ɗari biyar. Su ke gaya wa ƙwaya ta haihu ko ta dakata. Su ne kaines. Ni guda biyu kacal na ƙare ƙuruciyata a kansu, kuma ban gama gane su ba. Naki guda ɗaya ne a cikin jini ya buɗe ya ƙi rufewa."

Inna ta juyo a hankali. "Ruwa na ta shiga ke nan."

"Yana ta shiga."

"Ƙwayar maganin fa?"

"Toshewa take yi. Ba ni na haɗa ta ba, wasu ne suka riga ni. Amma aikinmu ɗaya da su."

Inna ta dube ta, ta ce, "Ashe ke tare ruwa kike yi."

Ta yunƙura za ta zauna, na tallafe ta. Ta kamo kan Yasira, da furfurarta da digirinta, ta ɗora a cinya kamar 'yar goye.

"Auta, ki yafe min. Kullum ina roƙa miki lahiya, ina roƙa miki tsari. Amma in na zo kan aikinki sai in tsallake. Ko sau ɗaya ban sa mishi albarka ba."

Yasira ta kifa fuska a cinyarta tana kuka. Tausayinta ya kama ni, don na san duk lambobin yabon da ta tara, wannan ɗin take nema ba ta sani ba.

Inna ta ɗago kai. "Hafsatu, tsaye za ki yi kina kallonmu? Kawo ruwa."

Na kawo, na tsaya a kanta ina hararar hannun, don ba a yi min sau biyu. Ta ɗora ƙwayar a harshe, ta buɗe baki in gani, ta haɗiye. Sai ta dafa kan autarta.

"Sake faɗa min sunan, kar in kai albarka inda ba nan ba."

"Kaines, Inna."

"Kayinas," in ji ta. "Allah shi yi ma aikin kayinas albarka, da na bana da na shekara ashirin da na hana."

Muka ce amin.