Mako Biyu a Ikko

Tun ranar da Muzammilu ya bugo waya daga Ikko, Malam Riskuwa bai sake cin tuwo da daɗi ba. Maganar kuwa ba ta tashin hankali ba ce. Autan nasa, mai sayar da albasa a Agege, cewa ya yi matarsa ta kusa sauka, zai zo da kansa ya ɗauki iyayensa su je su ga jika, su yi mako biyu su dawo. Wani uban da hamdala zai yi. Riskuwa kuwa ya miƙa wa matarsa Shafa'atu wayar, ya koma gindin darbejiya ya zauna yana juya maganar kamar mai gasa masara.

Me ya sa yanzu, da bazara ta kai wuya, saura ƙiris ruwa ya sauka? Me ya sa yaron zai bar kasuwarsa ya zo da kansa, alhali ga motocin albasa kullum suna tafiya? Da walakin, goro a miya.

Ba mugun mutum ba ne Riskuwa, amma in ka ce masa ina kwana sai ya leƙa waje ya ga ko da gaske gari ya waye. Kuma yana da dalilinsa. Duk abin da ya mallaka a duniya fadamar shinkafa ce guda, a bayan Tungar Goje, tafiyar rabin awa daga Lolo. A da, biyu ne fadamun gidansu. Ubansa ya tafi fataucin goro, ya ba wani amininsa aron ɗaya, wai kafin ya dawo. Yau jikokin aminin ke noma ta, kuma in ka ce ba tasu ba ce sai a kai ku gaban hakimi. A wannan ƙasa gonar aro in ta ga damina uku, ta manta sunan mai ita. Ban da haka, da idonsa ya ga tsofaffi biyu na garin da 'ya'yansu suka ɗauka zuwa birni, su ma wai mako biyu. Ɗaya gawarsa ce ta dawo, ɗayan ko ita ba ta dawo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Don haka ya yanke hukunci tun kafin a kawo shaida: an shirya a kai shi Ikko a ajiye, ruwa ya sauka ba ya nan, a ba wani aron fadamarsa.

Wanda zai karɓa ma ai ba ya ɓuya. Attahiru maƙwabcinsa ne, mai 'ya'ya maza biyar da gona kamar tabarmar salla. Wanda ya ba da ƙofa daga cikin gida kuwa, wa ke nan in ba Shafa'atu ba? Sau ɗaya suka taɓa zuwa Ikko, bikin Muzammilu, shekara shida ke nan, amma har yau ba ta gama ba da labari ba. Ta ga gada a kan ruwa da ba a ganin ƙarshenta. Ta ga kasuwar da ba ta jiran wata rana a mako kafin ta ci. Ta ga tsofaffin mata sa'anninta da hijabi iri ɗaya, da jaka a kafaɗa, suna tafiya makaranta suna dariya. Shi kuwa abin da ya gani bai wuce bene ba, inda aka ɗora shi kamar tantabara, mutum dubu na wucewa ba mai cewa sannu. A gabansa aka yi ruwan da zai jiƙa fadama kamu guda, ya zuba a kan siminti, ya bi kwata, ba wanda ya ɗaga kai ya gode wa Allah. Ranar ce ya tsani garin.

Sai ya fara tsaro. Kowace safiya bayan ya dawo masallaci yakan hau rumbu ya duba buhunan irin shinkafarsa, ya taɓa ɗaurin da ya yi da hannunsa ya ga ko an kwance. Mai niyyar hana ka shuka, da iri yake farawa. Daga nan ya wuce fadama ya bi iyaka taku taku. Rana ta uku kuwa sai ga sawun Attahiru a gefen gabas, wajen gayaunar Shafa'atu, 'yar gonar da take kuɓewa da yakuwa. Rana ta biyar ya hango shi da kansa, yana tsaye ya riƙe ƙugu yana auna ƙasa da ido.

"Attahiru, wani abu ya ɓace maka nan?"

"A'a, Malam. Wucewa nika yi."

"Hanyar ba ta bi ta nan ba."

Attahiru ya yi dariyar yaƙe ya wuce. Biri ya yi kama da mutum.

A gida kuma Shafa'atu ta koyi sabon hali. In waya ta yi ƙara sai ta shige bayan ɗaki, murya ƙasa ƙasa. Matar Attahiru ta riƙa shigowa, a yi ƙus-ƙus, ta fita da abu a ƙarƙashin mayafi. Ran nan ya ce bari ya gwada ta. Tana tsince shinkafa a faifai ya tsaya a kanta.

"To in nic ce ba ni zuwa fa?"

Ta ɗago ta dube shi. "Sai ka zamna, Malam."

Ko roƙo babu, ko gardama. Wannan ya fi komai ba shi tsoro. Ya ce a ransa lallai shirin ya yi nisa, tunda har an koya mata kada ta nuna zumuɗi.

Ana saura kwana biyu Muzammilu ya iso, ranar kasuwar Lolo ta zagayo. Riskuwa ya tafi neman takalmi, don ko makirci ne ba zai shiga birni da silifa mai ɗinki ba. Kasuwa ta cika, mutanen ƙetaren iyaka sun hauro da man ja da garin rogo, Dandanci da Hausa da Fillanci sun cakuɗe. A layin masu man ja wata ta kira shi. Fatiha ce, ƙawar Shafa'atu tun suna 'yan mata, wadda aure ya kai ta wani ƙauye a Jamhuriyar Binin. Ta rusuna ta gaishe shi, ta shiga godiya.

"Awakin sun iso lahiya, Malam, duk ukun. Ka ce mata ta kwantar da hankalinta, kamar nawa za ni riƙe su. Irin kabewa da riɗi ma sun zo."

"Waɗanne awaki?"

"Nata mana, da tab ba ni kiwo." Ta girgiza kai. "Kai dai Allah shi ba ka haƙuri. Zaman namiji shi kaɗai da tsuhwa ba daɗi. Amma tunda matar Attahiru ta ɗauki tuwonka, da sauƙi."

Bai sayi takalmin ba.

Da ya iso gida la'asar ta yi. Bai hau rumbu ba. Ya nufi turken awaki, ya tarar da igiyoyi a ƙasa, kashin da ke wurin ma ya bushe. Kwana nawa yana wucewa ta nan? Ya sunkuya ya shiga madafi, wurin da ya shekara bai taka ba, ya ɗaga kai. A jikin azara, inda hayaƙi ke dukan ƙullin tsummoki don kada ƙwari su ci, nan Shafa'atu ke rataye irinta tun tana amarya: kuɓewa, yakuwa, rama, riɗi, kabewar da ta zo da irinta daga gidan uwarta. Ba ko ɗaya. Sai zaren da aka yanke, baƙi ƙirin, yana lilo. Ko yaro a garin nan ya san macen da za ta ga damina a ɗakinta ba ta raba irinta.

Tana zaune a kujerar tsugunne tana fere rogo. Ta ga inda idonsa ya tsaya, ta ajiye wuƙar.

"Ba wanda ka son gonakka, Malam," ta ce. "Gayaunata ta Attahiru yaz zo dubawa, na ba matatai. Muzammilu kuma ya san ka sarai. Ya ce ko kwana goma ba ka kaiwa. Har direban da za ya maido ka ya samo."

"Ke fa?"

"Ni ta ba ni dawowa."

Ya nemi wurin zama, bai samu ba sai turmi, ya zauna a kai. Kwana goma sha biyu yana gadin buhu da iyaka, ashe ba nan ɓarawon ya nufa ba, kuma ba ɓarawo ba ne ma. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo bayanta, irin tsoron da bai taɓa ji ba ko a kan fadama.

"Mi niy yi maki?"

"Ba ka yi min komi ba. Shekara arba'in da ɗaya ina tuƙa tuwo cikin madahin ga, ban taɓa kuka ba. Amma tun randa nig ga garin can raina yat tsaya can. Ina son hayaniya, Malam. Ina son in zamna aji da mata in koyi karatu da sauran idona. Ina son in hito ƙohwar gida in ga mutanen da ban san kakanninsu ba."

"Mi yah hana ki hwaɗa min?"

"Sau uku ina hwarawa. Kowane karo kana bisa rumbu." Ta ɗauki wuƙar, ta sake ajiyewa. "Aure na. In ka ce a'a, ba ni ƙetare maganakka. Sai in aika Fatiha ta maido awakin."

Kalma ɗaya ce, kuma a bakinsa take. Ya san in ya faɗe ta za ta dawo, ta ɗaure awakinta, ta tuƙa tuwonsa har ranar da za a ɗauki ɗayansu, ba za ta sake ambaton Ikko ba. Wannan ɗin ne ya kasa ɗauka. Ya tashi ya fita bai faɗi kalmar ba, washegari ma haka.

Muzammilu ya iso, aka yi sallama da dangi. Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida, hadari ya ɗan taso ta gabas, iska na kawo ƙanshin ruwan da ya sauka a wani gari. Shafa'atu ta shiga baya da akwatinta da ƙullin daddawa. Riskuwa ya tsaya da 'yar jakarsa, ƙafa ɗaya a mota, yana kallon hadarin. Attahiru na cikin masu rakiya, can gefe, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Attahiru."

"Na'am, Malam."

"Mako biyu za ni yi."

"Allah shi kiyaye hanya."

Riskuwa ya juyo ya fuskance shi.

"In ruwa yas sauka ba ka gan ni ba, kada ka bari ta kwana. Ka shuka ta." Ya dubi mutanen da ke tsaye, don su zama shaida, ko da yake ya fi kowa sanin iyakar amfanin shaida. "Aro na ba ka."

Ya shiga ya ja ƙofa. Shafa'atu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Motar ta bi ta bayan gari, ta gefen fadama, shi kuwa ya ƙura wa ƙeyar direba ido har suka hau kwalta.