Kunnen Zubaida

Ustaz Munawwar na zaune a caji ofis. A kan teburin 'yan sanda ga kan gunkin Buddha na baƙin dutse, wanda aka kama a jakar wani Bature a filin jirgi. Baturen ya ce a rumfar Munawwar da ke garin Taxila na Pakistan ya samo shi.

"Shekara talatin ina koyar da zane, ranka ya daɗe," in ji Munawwar. "Da hannuna na sassaƙa shi bara."

Sufeto Kayani ya yi dariya. "Baba, duk ɓarawon kayan tarihi haka yake faɗa. Dakta, gaya masa."

Masanin da aka ɗauko, Dakta Durrani, ya shafa leɓen gunkin. "Wannan ya kai shekara dubu da ɗari takwas. Ba a haifi mai irin wannan hannu a zamaninmu ba."

Tun da Munawwar ya fara riƙe guduma ba a taɓa yabonsa haka ba, ga shi yabon zai kai shi kurkuku. Shi ya jawo wa kansa: kamar kowa a layinsu, ya jiƙa dutsen da shayi, ya binne shi wata uku don ya tsufa. Sunansa ma bai sa a jikin gunkin ba, shi da kullum yake yi wa ɗalibai faɗa a kan sa suna.

Matarsa Zubaida, da ke rakuɓe a bakin ƙofa tun safe, ta matso.

"Ɗana, juya shi hagu."

Sufeton ya juya gunkin. A fatar kunnen gunkin akwai 'yar tsaga mai lanƙwasa.

"Ɓarnar zamani ce," in ji Dakta.

Zubaida ta janye mayafinta kaɗan. Ga tsagar nan a kunnenta, sak, inda ɗan kunne ya yage ta ranar aurensu.

"Duk gunkin da tsohon nan ya yi, kunnena yake sata," ta ce. "Ko izini ba ya nema."

Dakta ya goge tabarau, ya sake dubawa, ya ture gunkin gefe.

"Yanzu na lura. Aikin kasuwa ne. Leɓen ma bai zauna ba."

"Kana iya tafiya, Baba," in ji Sufeton.

A cikin keke mai ƙafa uku, da suka kusa gida, Munawwar ya juyo wajen matarsa.

"Zubaida, tsakani da Allah, leɓen bai zauna ba?"