Tawada a Tsinin Wuƙa

'Yan dako sun riga sun fito da katifa har tsakar gida sa'ad da Baba Daidai ya gicciya sandarsa a ƙofa, ya ce su mayar da ita inda suka ɗauko ta. Suka yi cirko-cirko da katifa a ka suna kallon 'yarsa, domin ita ta kawo su, ita kuma za ta sallame su. Ita kuwa tana tsaye rungume da kwalin kwanuka. Ta san mahaifinta. In ya ce atafau, ko tirela aka ɗaura masa ba ta jan shi.

Jiya-jiyan nan da bakinsa ya amince zai koma gidanta. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a gidan nan, kuma da yana da lafiyarsa ba wanda ya ga abin magana. To bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi ta hagu. Allah ya taƙaita, ya miƙe, bakinsa ya koma yadda yake, sai dai hannun da ƙafar ba su dawo duka ba. Makon jiya ya zame a banɗaki, ya kwanta a wurin tun safe, sai da ta taso daga aiki ta same shi. Ranar ba ta yi kuka a gabansa ba, sai da ta shiga mota. Shi ne aka zauna aka yi magana, aka sa rana. Ga rana ta zo, ga motar kaya a ƙofar gida, ga tsoho ya tubure.

"Na warke, Uwata," in ji shi. "Santsin sabulu ne kawai. Ko ɗan ƙwallo ya taka sabulu sai ya sha ƙasa."

Ta ajiye kwalin a hankali. Ta tuna masa cewa ta gyara masa ɗaki, jikokinsa sun share shi har sau ba adadi, kuma ita ba za ta iya ci gaba da tsallaka gari kullum da zullumin abin da za ta tarar ba. Ya saurare ta kamar mai sauraron labaran wata ƙasa a rediyo. Da ta gama ya ce ta biyo shi ɗakin aiki, akwai mai raba gardama a can.

Ɗakin aikin tsohon sito ne a bayan kicin, mai taga ɗaya. Baba Daidai ba maƙeri ba ne, bai kuma gaji ƙira ba. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. Sha'awa ce kawai ta kama shi tun yana da sauran ƙarfi, ya riƙa sayo tsohon sifirin mota da mataccen magagari yana mayar da su wuƙaƙe. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, rabawa yake yi. Marigayiya matarsa takan ce gidansu ne kaɗai wuƙa ta fi nama yawa. Sunan ma daga nan ya samo shi, don duk abin da aka nuna masa, ƙofa ce ko aski, sai ya kanne ido ɗaya ya ce bai yi daidai ba.

Mai raba gardamar yana kan benci a gindin taga. Dutsen giranet ne baƙi mai ɗigo-ɗigon fari, irin wanda ake shimfiɗawa a kan kantar kicin. Shekarar da matarsa ta matsa aka gyara mata kicin, masu aikin suka yanke wurin da kwanon wanke-wanke zai zauna, za su jefar da guntun, shi kuwa ya rungume shi kamar an ba shi kujerar mulki. Katako yana lanƙwasa in ya sha damina, in ji shi, gilashi yana fashewa, amma wannan yadda aka goge shi haka zai zauna. Yakan yayyafa masa ruwa, ya shimfiɗa samfefa, takardar gugar nan mai yashi, a kai, ruwan ya riƙe ta. Sai ya baƙanta gefen ruwan wuƙa da maka, alƙalamin nan mai baƙar tawada, ya kwantar da ita a kan samfefar ya yi ta turawa yana jawowa. Inda tawada ta goge, nan ƙarfe ya taɓa. Inda ta rage, nan bai taɓa ba. Ido yana iya yi wa mutum kara, amma dutsen nan bai san kara ba.

Tun da ya kwanta ciwo bai sake kammala wuƙa ba. 'Yar ta ɗauke masa giranda, injinsa na gugar ƙarfe, ta kai gidanta ta kulle, don kada ta cinye masa yatsu, kuma har yau bai huce ba. Ciwo ne ya kayar da shi, amma da ita yake fushi. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.

Ya buɗe wani tsumma mai maiƙo ya fito da ruwan wuƙa wanda ba a sa wa ƙota ba. Wuƙar nan ita ce ta ƙarshe da ya daidaita kafin ciwo, kuma ya daidaita ta sosai, ba tudu ba kwari. Ya bayyana wa 'yarsa sharaɗin dalla-dalla. Tunda wuƙar ba ta da laifi, to hannu za a gwada. Dama za ta riƙe gindi, hagu ta danna tsini. In hannayen biyu suna dannawa da ƙarfi ɗaya, tawadar za ta goge gaba ɗaya, daga gindi har tsini.

"In ta goge, ki sallami mutanenki, ki kuma dawo mini da girandata. In ta rage, ni zan fara shiga motar."

"Baba, yanzu rayuwarka za mu ɗora a kan maka da samfefa?"

"Da a kan me kike so a ɗora? Likitanki ya ce in matsa masa hannu, na matsa, ya ce madalla. Ke kin ce a'a. To ga wanda bai san ni ba, bai san ki ba."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce ta yarda. Ya kama murfin makar da haƙori zai cire, sai ta karɓa ta buɗe, ta ɗauki wuƙar ta shiga baƙanta ta. Ba ta tambayi yadda ake yi ba. Ta ja layi a jikin layi, ba ta bar ko ɗan fili ba, ta hura mata iska ta bushe, sa'an nan ta miƙa masa ta gindi. Tun tana 'yar firamare wannan ne aikinta a ɗakin nan, har uwarta takan yi faɗa a kan baƙin yatsu. Ya ga ba ta manta ba, abin ya yi masa daɗi, amma ya ɓoye.

Ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa samfefa mai laushi, ya yi bismilla. Ya ɗora yatsun hagu a kan tsini, ya gan su da idonsa sun zauna inda ya kamata. Ya tura, ya jawo. Ƙarar nan da ya yi kewa ta cika ɗakin, shuu, shuu, ruwan kan samfefar ya fara komawa ruwan toka. A ransa yana danna hagun nan da duk ƙarfin da Allah ya ba shi, har gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Ana cikin haka direban motar kaya ya danna oda a waje. 'Yar ta ce bari ta je ta ba shi haƙuri, ta fita ta jawo ƙofar.

Baba Daidai ya ɗaga wuƙar ya juya ta wajen hasken taga. Daga gindi har tsakiya ƙarfe ya fito fari tas, yana ƙyalli. Daga nan tawada ta fara, shara-shara da fari, tana ƙara duhu, har ta kai tsini inda take baƙa ƙirin kamar yanzu aka shafa ta. Wurin da yatsunsa na hagu suka zauna ko gezau bai yi ba. Ya daɗe yana kallo. Likita ya faɗa a sakaye, 'yarsa ta faɗa da hawaye, banɗaki ma ya faɗa, duk ya yi kunnen uwar shegu. Wannan karon kam ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko ranar da yake kwance a ƙasa yana jiran a zo.

Gyaran kuwa ba wuya. Ya mayar da hannun dama kan tsinin, ya tura kaɗan, shi ke nan, tawada ta tafi, katifa ta koma ɗaki. Ba mai gani. Ya kwantar da wuƙar, ya ɗora yatsun dama a kan tsini, ya ji yadda ƙarfe ya kama samfefa daram. Sai ya tsaya, don ya lura 'yarsa ta daɗe ba ta dawo ba.

Bayar da haƙuri ba ya cin wannan lokaci. Ta taga yana jiyo muryarta, ta ɗaga ta fiye da yadda ta saba, tana tambayar direba ko tayar baya ba ta son iska, da ko yaransa suna makaranta. Ita da ba ta iya hira da baƙo ba, yau ta zama mai jan zance. Can ya ji ta rage murya ta ce wa 'yan dako kada su ɗaure kayan tukuna, mai yiwuwa a sauke.

Nan ya gane. Yarinyar da ta yi shekaru tana baƙanta masa wuƙa ta san karatun tawada kamar yadda ya sani. Tun turawar farko ta ga yadda hagun ke bin ƙarfe ba ta danna shi. Odar direba dalili kawai ta ba ta. Fili ta bar masa ya yi abin da zai yi, ita kuma ta dawo ta ce ta yarda, gobe ta ci gaba da tsallaka gari bayan aiki, tana sa makulli a ƙofa gabanta yana faɗuwa. Ya tuna yadda zoben hannunta ya fara yi mata yawa a 'yan watannin nan. Ya gani tuni, bai dai ce bai yi daidai ba.

Kunya ta kama shi, tausayinta kuma ya fi kunyar. Ya janye hannun dama ya ɗora a gwiwa, ya zauna yana jiran ta.

Da ta shigo, sai da ta yi gyaran murya a bakin ƙofa. Ba ta kalli benci ba. Ta kalli bango, inda magagarai ke rataye babba na bin ƙarami.

"Ta goge ko, Baba? Sai in ce su sauke."

"Zo ki duba da kanki."

Ta karɓa ta kai wajen taga. Ya ga kafaɗunta sun sauka. Ta juya wuƙar, ta sake juyawa, kamar akwai wani gefen da zai faɗi wata magana dabam. Daga bisani ta ce hasken ɗakin ba shi da kyau, kuma samfefar ta kwana biyu, wataƙila ta cinye ta gefe ɗaya. Ta ce ɗan baƙin da ya rage ai ba wani abu ba ne.

"Uwata," ya ce, "a ɗakin nan kika taɓa jin an ce ba wani abu ba ne?"

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta sa bayan hannu ta share ido, ta bar zanen baƙi a kumatu. Bai gaya mata ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ɗaga samfefar ya yar, ya share dutsen da tsumma har ya bushe. Ya ce ta kira 'yan dakon nan, dutsen za a fara ɗauka kafin sauran kaya, kuma mutum biyu za su kama, a nannaɗe shi da bargo, kada wanda ya jingina shi a tsaye. Ta ce gidanta bene ne, ba ta da sito, ba inda za a ajiye shi sai kicin. Ya ce ai daga kicin ya fito.

'Yan dako suka sha faɗa kafin dutsen ya kai mota. Ɗaya ya tambaya ko zinariya ce a ciki, Baba Daidai ya ce da zinariya ce da ya bar su sun jefa ta yadda suka ga dama. Ya tsaya sai da ya ga an kwantar da shi a kan katifar, sa'an nan ya juya ya kalli gidan. Bai shiga ya yi sallama da ɗakuna ba. Ya miƙa mata makulli ya ce ta rufe, shi hannunsa ba ya juya wannan kwaɗon, ya kwana biyu yana barin sa a buɗe. Wannan ma yau ta fara ji.

A cikin motarta ya zauna a gaba, wuƙar tana kan cinyarsa a cikin tsummanta. Sun hau babban titi, motar kaya tana biye da su, sai ta ce in sun isa akwai sifirit a gida, za ta goge masa tawadar kada ta kama ƙarfen.

"Bar ta," in ji shi. Ya buɗe tsumman ya sake duba tsinin, ya mayar ya rufe. "Da samfefa za ta fita. In kin taso daga aiki gobe, kya ara mini yatsu biyu na hagu."