Awa Ɗaya a Gindin Famfo

A shekarar 1959 babu gari a Arlit, sai tantunan Nasara masu haƙa ƙasa suna neman wani dutse. Intala ne makanikin sansanin. A garejin Agadas ya koyi aiki, kuma shi kaɗai ya san kan injin sanyin da ke cikin motar babban Nasara.

Sati biyu ke nan injin ya mutu, tiyo ya tsage, gaz ɗin da ke kawo sanyin ya tsiyaye. Tulun gaz ɗaya tal aka aiko daga Yamai, yana ajiye, aiki bai bari an taɓa shi ba.

Ran nan da hantsi Ahmudu, mai aikin haƙa, ya yanke jiki ya faɗi. Jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, ko ɗigon gumi babu. Mai ba da magani ya duba shi ya girgiza kai. Ya ce sai an kai shi likita a Agadas, kuma in aka ɗora shi a buɗaɗɗen kamiyon ɗaukar kaya cikin wannan rana, ba zai kai rabin hanya ba. Babban Nasaran ya miƙa wa Intala makullin motarsa.

Intala ya liƙe tiyon da dalma, ya jona famfon da ke zuƙe iska, ya kunna. Sai ya tsuguna yana kallon allurar awo.

Amumun, wan Ahmudu, ya zo ya tsaya a kansa. "Intala, ba ka gama ba?"

"Na liƙe. Saura iska da laima su fita."

"Har yaushe?"

"Awa ɗaya."

"Awa ɗaya! Ƙanena na mutuwa. Zuba abin nan mu tafi!"

Intala bai ɗago ba. "Yaya, in na zuba yanzu, laimar da ke ciki za ta daskare ta toshe hanya. Sanyin zai ɗauke mana a tsakiyar sahara, kuma ba mu da wani tulun."

Amumun ya kama kafaɗarsa har ya ji zafi, sannan ya sake shi, ya koma tanti. Daga nan Intala yana jin su suna jiƙa rawani suna shimfiɗa wa Ahmudu, yana jin nishinsa. Sau biyu hannunsa ya kai kan tulun, sau biyu ya janye. Da lokaci ya cika ya kashe famfon, ya ƙara jira ya ga ko allurar za ta motsa. Ba ta motsa ba. Ya yi bisimilla ya buɗe gaz.

Azahar ta gota suka kama hanya, Intala na tuƙi, Amumun a baya ya ɗora kan ƙanensa a cinya. Sanyi ya cika motar, bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Wajen la'asar Ahmudu ya buɗe ido, ya tambaya da Tamajak, harshensu na Buzaye, ko a kan dutsen Bagzan mai sanyi suke. Amumun ya ce masa eh. Ya sha ruwa kurɓi biyu, ya kira sunan matarsa 'Yargata, ya ce a gaya mata ta sayar da baƙar akuyar, tana cinye mata shuka.

Suna hango hasumiyar masallacin Agadas Amumun ya ce, "Rage gudu, Intala. Ya cika."

Intala ya tsayar da motar. Yana riƙe da sitiyari ya ce:

"Yaya, awa ɗayan nan..."

"Ban sani ba," in ji Amumun. "Kai ma ba ka sani ba. Amma ya yi magana, ya sha ruwa, na ji shahadarsa da kunnena." Ya ja mayafi ya rufe fuskar ƙanensa. "Kada ka kai mu likita. Gidan kawunmu yana bayan kasuwar raƙuma."

Intala ya goge idonsa da bakin rawani, ya tayar da mota, ya juya yamma.