Injin da Gwadabe Ya Bai wa Jinga

Mu mutanen bayan Auyo, in damina ta yi nisa, mun fi kallon kogi a kan kallon sama. Ruwan da zai ci mu ba lallai a kanmu ya zuba ba, daga can yamma yake tahowa abinsa, rana tsaka, ana zaune ana hira. Hanyar fita daga ƙauyenmu kuwa ɗaya ce tak, ta kan jinga, wato tudun ƙasar nan da aka tara don tare ruwa. Faɗinta bai wuce na amalanke ɗaya ba. In kogi ya fara cika, kowa ya kwashe hatsinsa da awakinsa ya bi ta nan zuwa tudu, sai ruwa ya janye a dawo.

Ɗan ƙanena Gwadabe shi kaɗai ne mai mota a garin, wata a-kori-kura da yake kai bandar kifi kasuwar Hadejia da ita. Ita ce cinsu, ita ce suturarsu, shi da matarsa Kulu da 'ya'yansu. To, a shekarar da nake ba ku labari injinta ya buga tun farkon damina, ta zauna a ƙofar gida, a kwari, inda ruwa kan kai wuyan babban mutum. In ba ta fita kafin ambaliya ba, ta zama gidan tarwaɗa.

Bakanikensa Luka ne, ɗan Filato, mai gareji a Hadejia, mutum mai haƙuri kamar ba direbobi yake hulɗa da su ba. Ya zo ya duba, ya ce a samo tsohon inji, shi zai buɗe shi ya sake haɗawa.

"Maigida, mu shiga Kano mu gani da ido, mu taɓa da hannu," in ji shi.

"Kai Luka, har yanzu kana zamanin shiga mota a je neman kaya? Duniya ta dawo cikin waya."

Gwadabe dai ya sayi babbar waya a shekarar, kuma tun da ya saye ta babu abin da bai sani ba. A wani shafin sayar da kaya ya ci karo da mutumin da ke kiran kansa Injiniya Abdulwahid, wai a Legas yake, wai injinansa duk 'yan Beljiyam ne, wata tsohuwar Baturiya ce ta ɗan taɓa su zuwa cefane. Ya turo hoto, inji na ƙyalli kamar kwanon amarya. Ya turo bidiyo kuma, ana jin ƙararsa.

Ranar nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Dattawan garinmu, waɗanda ba sa sayen bijimi sai sun buɗe bakinsa sun ga haƙora, sun ja wutsiya, sun sa an zaga da shi, su ne suka kewaye waya a rumfar mai shayi suna kasa kunne. Wannan ya ce, "Lafiyayye ne, ji yadda yake numfashi." Wancan ya ce a sake kunnawa, ya runtse ido, ya gyaɗa kai. A cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe sitiyari.

Gwadabe ya tura kuɗi. Kashegari ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka ɗauke tsohon injin, don kada, in ji shi, baƙo ya zo ya tarar da ƙazanta.

Sai jira. Yau injin yana Ibadan, gobe motar da ta ɗauko shi ta yi faci, jibi direban ya tsaya gaisuwar mutuwa. Kogi shi bai tsaya gaisuwar kowa ba. Yayan Kulu, Tukur, mai shanun huɗa, ya zo har gida.

"Gwadabe, kawo igiya in ja maka motar nan zuwa tudu, tun ƙasa na da ƙarfi."

"Yaya Tukur, na gode. Amma motata da ƙafarta za ta fita. Sa ya ja ni a gaban jama'a?"

"Ai ba kai zai ja ba, motar zai ja. Sai dai in kana so a haɗa."

Injin ya iso ana gobe za a tashi, a naɗe cikin leda, an shafe shi da fenti ruwan azurfa har kan ƙusoshi. Luka ya zo a kan babur da kayan aikinsa, ya zaga shi, ya sa farce ya ɗan kankari gefe.

"Maigida, bari in buɗe shi tukuna."

"A'a. Injiniya ya ce a hatimce yake. Duk wanda ya kwance ƙusa ɗaya, garanti ya tashi."

"To me zan gyara in ban buɗe ba?"

"Ba gyara na ce ka yi ba, ɗorawa za ka yi."

Luka ya dube ni. Na ce, "Ɗana, ɗora masa. Ruwa ya kai gonar liman." Ya ɗora, yana ta ƙunƙuni da yarensu, ya ɗaure abin da lokaci ya bari ya ɗaure.

Abin mamaki, da safe aka murɗa makulli, inji ya tashi. Mata suka rangaɗa guɗa, dattawan rumfar shayi suka riƙa duban juna, kowa na cewa ai shi ya fara faɗa. Gwadabe ya ce motarsa ce za ta shiga gaba, amalanke su biyo baya. Aka loda buhunan shinkafa da kwandunan banda da katifu. Ni aka sa ni a gaba kusa da Kulu, da kwandon kajina a cinya.

Mun hau jinga lafiya. Dama ruwa, hagu ruwa, doguwar ciyawar kachala ta nutse sai kawunanta. Gwadabe na danna hon ba kowa a gabansa. Muna kaiwa tsakiya, daidai inda ruwa ya fara cin gindin jingar yana ɓulɓulowa ta wancan gefe, sai na ji wani wari kamar an ƙona roba. Sai ƙara, kamar an jefa taɓarya cikin tukunyar ƙarfe. Mota ta yi tari biyu ta yi shiru.

Luka, da ke biye a babur, ya ɗaga murfin gaba. Fentin ya ɗaye, ga tsaga nan a jikin injin tun daga sama har ƙasa, an cike ta da gam, gam ɗin ya narke. Baƙin mai ya gauraya da ruwa yana dalala kamar kunun kanwa.

"Maigida, ga hatimin nan ya buɗe da kansa."

Aka taru a tura, ta ƙi. Ƙasar wurin ta jiƙe, nauyin injin ya danna tayoyin gaba cikin laka, kuma kowane turi ƙara nutsa su yake. Shanu duk suna baya, babu ta inda za su zago su ja. Amalanke sun yi layi har bakin gari, da hatsin shekara, da tsofaffi, da wata mai jego. Na fara jin maganar da nake tsoro tana tahowa daga baya, baki zuwa baki: a tunkuɗa motar cikin kogi a wuce.

Gwadabe ya hau kan buhu yana neman sabis ɗin waya, ya kira Injiniya, ya sa a lasifika don kowa ya shaida.

"Injiniya, injin nan ya fashe. Maganar garanti ce."

"Subhanallahi. Alhaji, akwai ruwa kusa da inda kuke?"

"Ruwa kam ko'ina."

"Ai ka ji. Garantinmu bai shafi wurin da ke da ruwa ba."

Daga nan wayar ba ta ƙara shiga ba.

Tukur ya matso, ya ce, "Jama'a ba za su kwana a nan saboda kai ba. Ko motar ta yi sauƙi, ko ta yi iyo."

Luka ya ce dama bai gama ɗaure injin ba. In an ba shi hannu zai kwance shi, gaban motar ya yi sauƙi a ɗaga. Gwadabe ya rungume murfin motar, wai sai dai a nemo igiya a sauke injin a hankali, zai mayar wa mai shi.

Kulu ba mai magana a gaban maza ba ce, amma ranar ta leƙo ta taga.

"Baban Ummi, motar ce muke ci da ita. Wannan kuwa tun da ya zo shi yake cin mu. Malam Luka, kwance."

Aka kwance. Majiya ƙarfi suka zura azara biyu suka cicciɓo shi, suka kai bakin jinga suka saki. Ya gangara, ya juya sau ɗaya, ya je ya zauna daram a cikin ramin da ruwa ke ci, kamar an auna shi. Ɓulɓulowar ta ragu. Tukur, da yake ba ya barin abu ya wuce shi, ya ce a kawo buhunan ƙasa a cusa a gefe. Aka cusa, aka danna kachala, ruwa ya tsaya.

Motar kuwa, da cikinta ya zama wayam, samari suka ɗaga gabanta kamar gadon kara, suka tura ta har inda hanya ta buɗe. A nan aka ɗaura mata shanun Tukur. Haka muka shiga Auyo, Gwadabe na riƙe da sitiyari fuska a murtuke, yana ba da hannu in za a yi kwana, kajina na ta kuka.

Jingar ba ta ɓalle ba a shekarar. Ruwa ya shiga gari ta kwari kamar kullum, amma gonakin da ke bayan jingar sun tsira, har da ta Gwadabe. Da ya sayar da shinkafar, Luka ya sa shi a gaba suka shiga Kano, suka dawo da wani inji mummuna, baƙi ƙirin, ba fenti ba leda, wanda aka buɗe a gabansu. Shi ke cikin motar har yau.

Kada ku ce Gwadabe ya yi laushi. Kafin ruwa ya gama janyewa ya riga ya gaya wa duk kasuwar kifi cewa shi ya hango ɓarakar, ya sadaukar da sabon inji don ceton jama'a. Da aka zo kafa kwamitin kula da jinga, ya tashi ya ce a duba wanda ya fi kowa zuba jari a cikinta. Dattawan rumfar shayi suka gyaɗa kai, aka ba shi mataimakin shugaba.